Guguwar Lothar a Baƙin Dajin Jamus: yadda daji ya kwanta da yadda ya tashi

Ranar Lahadi, 26 ga Disamba 1999, mu a nan ana tsakiyar azumi, hazon hunturu ya rufe gari. A Jamus kuwa washegarin Kirsimeti ce, ranar hutu da ziyarar dangi. Da hantsi iska ta ƙetaro kogin Rayin daga Faransa, ta faɗa wa dajin da Jamusawa ke kira Schwarzwald, wato Baƙin Daji, a kudu maso yammacin ƙasar. Kafin la'asar ta gama abin da ya kawo ta. A jihar Baden-Württemberg kaɗai, inda dajin yake, an ƙiyasta itacen da ya faɗi a kan kubik mita miliyan 30, kusan ninki uku na abin da jihar ke sarewa a shekara. In aka ce tirela ɗaya tana ɗaukar kubik mita 30, to lodin tirela miliyan guda ke nan kwance a ƙasa cikin 'yan sa'o'i. Wuraren da daji ya kwanta ɗungurungum, ba sauran inuwa, sun kai hekta 40,000. Sunan guguwar Lothar.

Na ɗauko wannan lamari ne saboda ya kwana biyu. Bishiya ba ta sauri, wanda duk ya yi maganar farfaɗowar daji bayan shekara biyu ko uku da ɓarna, hasashe yake yi. Lothar ta haura shekara 25, an auna abin da ya biyo bayanta, an rubuta, har an ware wani yanki da ba a taɓa ko reshe ɗaya ba don a ga abin da daji zai yi in an ƙyale shi. Abin da na fahimta daga duk wannan shi ne, iska ce ta kayar, amma bishiyar da za ta faɗi mutane ne suka shirya ta tun shekaru ɗari baya, kuma dajin da zai tashi yana nan tsugune a ƙasa tun kafin iskar ta zo.

Yadda ta zo

Guguwar hunturun Turai ba irin hadarinmu na damina ba ce, wanda ke tasowa daga gabas ya yi rabin sa'a ya wuce. Ita a kan tekun Atilantika take haɗuwa, inda iska mai sanyi ta arewa ke karo da mai ɗumi ta kudu, kuma karon ya fi tsanani a watannin sanyi. Can sama, wajen kilomita 10 daga ƙasa, akwai wani kogin iska da ke gudu daga yamma zuwa gabas, wanda a ƙarshen Disamban 1999 ya kusan kai kilomita 400 a sa'a. Lothar ta taso 'yar ƙarama, ta shiga ƙarƙashin wannan kogi, ta yi ƙarfi farat ɗaya a daidai lokacin da take isa gaɓar Faransa cikin dare. Da safe tana Paris, da hantsi ta kai iyakar Jamus. Masu hasashen yanayi ba su ga girmanta ba sai da ta iso, gargaɗin da aka yi bai kai ya kawo ba.

A filin jirgin sama na Orly da ke Paris an auna iska mai gudun kilomita 173 a sa'a. A birnin Karlsruhe, a bakin Baƙin Daji, 151. A kan dutsen Feldberg, mafi tsayi a dajin, na'urar ta nuna 212 kafin ta daina aiki. Mutum fiye da 100 suka rasu a Faransa da Jamus da Suwizalan. Lambun fadar Versailles, kusa da Paris, ya yi asarar bishiya sama da 10,000. Washegari da dare wata guguwar, Martin, ta bi ta kudancin Faransa, su biyun suka kayar wa ƙasar da aƙalla kubik mita miliyan 140. Jamusawan da suka ga abin da idonsu kalma ɗaya suke ta maimaitawa: bishiyoyi sun kakkarye kamar tsinken ashana.

Abin da iska ta tarar

Ruwa ba ya tsami banza. Kafin a gane dalilin da daji ya kwanta haka, sai an san bishiyoyin da ke cikinsa. Tunda ba mu da irinsu, zan kira su da sunayen da masu dajin ke kiransu. Akwai fikte, mai ganye kamar allura, wadda ba ta kaɗe ganye ko da sanyi. Ita ce mai tsini a sama da ake gani a hotunan Kirsimeti. Akwai tanne, 'yar uwarta a kama, amma mai saiwa da ke nutsawa ƙasa sosai. Sai buke, mai faɗin ganye da santsin ɓawo, wadda ke zubar da ganyenta kakaf in sanyi ya shigo.

Asalin Baƙin Daji na tanne ne da buke, fikte kaɗan ce, a wurare masu tsayi da sanyi. Ƙarni bayan ƙarni aka yi ta sara. Masu gawayi da masu narka gilashi sun cinye buke. Manyan tanne kuwa ɗaure su ake yi kamar gado a kan ruwa, a gangara da su ta kogunan Murg da Kinzig zuwa Rayin, har Holan, inda ake ƙera jiragen ruwa da kafa ginshiƙan gidaje a cikin laka. Wajen shekarar 1800 yawancin tuddan sun zama fako. Da aka tashi gyara, bayan dokar daji ta masarautar Baden ta 1833, fikte aka kama. Dalilin a fili yake: tana jure sanyi a fili tsirara inda tanne da buke ba sa iyawa, irinta na da sauƙin samu, tana girma da sauri, tana miƙewa sak, mai injin tsaga katako ba ya son wata kamarta. Har laƙabi suka yi mata, bishiyar burodi, wato mai ciyar da gida. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Faransa ta sare manyan yankuna a matsayin diyyar yaƙi, aka sake cike guraben da fikte. Ga manomin da ke da 'yan hektoci na daji a bayan gidansa, waɗannan bishiyoyi su ne asusunsa, kamar garke a wurin makiyayi: in za a yi rufin gida ko aurar da 'ya, sai a sare kaɗan a sayar.

Ba na ganin laifin mutanen da suka dasa. Ƙasa ce tsirara a gabansu, ga bukatar katako, suka dasa abin da zai kama. Amma kuma ba za a ce ba a sani ba. Tun farkon shekarun 1920, bayan wata guguwa a jihar Bavaria ta Jamus, ma'aikatan daji suka sassaƙa gargaɗi a jikin dutse, ma'anarsa in kana son ka hallaka daji ba makawa, to kada ka dasa komai sai fikte zalla. A watan Fabrairun 1990 guguwowin Vivian da Wiebke suka sake tuni. Sai dai daji ba gonar gero ba ne da za a canza iri baɗi. Abin da kaka ya dasa, shi jika ke tararwa.

To me ya sa fikte? Ka ɗauki bishiya ɗaya mai tsayin mita 30 a cikin irin wannan gandu. An dasa ta a layi tare da sa'o'inta, duk shekararsu ɗaya, tsayinsu ɗaya. Saboda cunkoso kowace na tseren neman rana, sai ta yi tsawo ba kauri, rassan ƙasa suka bushe, ɗanyen ganye ya taru a can ƙoli kamar tutar da aka ɗaura a kan gora. Ba ta taɓa tsayawa da ƙafarta ba, maƙwabta ke tare mata iska. Bishiyar da ta tashi ita kaɗai a fili, iska na kaɗa ta tun tana ƙarama, kaɗawar ce ke sa ta kauri a gindi da yawan saiwa. Wadda ta tashi a tsakiyar layi ba ta sami wannan horo ba.

Sannan ga lokaci. Buke ta zubar da ganye, iska na ratsa rassanta ta wuce, kamar yadda gawo ke tsayawa tsirara a damina sa'ad da hadari ke tuge darbejiya mai cikakken ganye. Fikte kuwa da ganyenta cif a watan Disamba, duk ƙarfin iska a kanta yake sauka. Ga kuma ƙasa. An yi ruwa mai yawa a makonnin da suka gabata, ƙasa ta jiƙe sharkaf, ba ta daskare ba. A ƙasa mai riƙe ruwa, saiwar fikte ba ta nutsawa, shimfiɗuwa take yi kamar faifai, wani wurin zurfinta bai kai rabin mita ba.

Iska kuma ba turi ɗaya take yi ba. Bugu take yi ta saki, ta sake bugu. Bishiya ta sunkuya ta dawo, kafin ta gama dawowa wani bugun ya same ta. A kowane zuwa da dawowa, 'yan ƙananan saiwoyi na ɓangaren da iska ke fitowa suna tsinkewa, faifan saiwar yana ɗagawa yana komawa yana kirɓa jiƙaƙƙiyar ƙasa har ta zama kunu. Daga nan ɗayan biyu ne. In saiwa ta saki, bishiya ta tuge da gindinta. In saiwa ta riƙe, kamar a ƙasa mai duwatsu, gangar jikin ce ke karyewa a tsakiya, ta bar dogon kututture mai tsage-tsage. Da ɗaya ta faɗi, ta danne na gabanta, ta kuma buɗe ƙofa: waɗanda ba su taɓa fuskantar iska ba yanzu su ne a bakin layi. Haka gandu ke kwantawa sahu bayan sahu, duk kawunansu na duban gabas. Gandun da aka rage wa bishiyoyi 'yan shekaru kafin guguwar, ko aka tsaga masa sabuwar hanya, ya fi shan wahala, don an raba su da maƙwabta kafin su ƙarfafa.

A nan dole a faɗi gaskiya: inda Lothar ta yi bugu mafi tsanani, ba ta bar kowa ba, tanne da buke masu shekara 150 sun faɗi tare da fikte. Amma a sauran wurare, waɗanda su ne mafi yawa, bambancin ya fito. Binciken da aka yi a Jamus da Suwizalan bayan guguwar ya nuna fikte ta fi faɗuwa, dogaye sun fi gajeru faɗuwa, kuma gandun fikte da aka gauraya da bishiyoyi masu faɗin ganye, ko ba su da yawa, ya fi na fikte zalla tsayawa.

Kwasa

Da gari ya waye, masu daji suka sami kansu gaba kura baya sayaki. In an bar itacen a kwance, zafin bazara zai sa funfuna ta shige shi ya yi shuɗi-shuɗi, darajarsa ta faɗi, ga kuma ƙwaro na tafe. In an kwasa, kowa na kwasa a lokaci ɗaya, kasuwa ta cika, farashi ya karye. Duka biyun sun faru. Manomin da ya yi shekara 60 yana jiran bishiyoyinsa su nuna ya sayar da su a kan kuɗin da wani lokaci da ƙyar ya biya aikin fitar da su. Don rage wa kasuwa nauyi aka tara gungume tsibi-tsibi a bakin koguna, ana yi musu feshin ruwa dare da rana. Itacen da ya jiƙe sosai ba ya ruɓewa da wuri, ƙwaro ma ba ya shigarsa, yakan yi shekaru a haka.

Aikin kansa shi ne mafi haɗari a duk sana'ar daji. Bishiyar da guguwa ta kayar ba kwance take lafiya ba. Wata ta danne wata, wata ta lanƙwashe kamar baka da aka ja, ƙarfin yana ɗaure a cikinta. Mai zarto ya sa inji a inda bai dace ba, gungumen ya ɓalle ya make shi kafin ya ƙifta ido. Faifan saiwar da ke tsaye, mai nauyin tan da yawa, da an raba shi da gangar jikin yakan koma raminsa da ƙarfi, ko ya kife gaba a kan mai yankan. A Suwizalan mutum 14 guguwar ta kashe, aikin kwasa kuma ya ci 15 a shekarar da ta biyo baya. Yawancin haɗurran irin wannan aiki kan faɗa wa masu ƙananan dazuzzuka ne, waɗanda ke shiga da zartonsu su kaɗai don ceto abin da ya rage na dukiyarsu. Duk lokacin da na tuna wannan adadi, nakan ji nauyinsa fiye da na miliyoyin kubik mita.

Manyan injunan da aka kawo sun rage asarar rai, amma sun bar tasu ɓarnar. Inji mai nauyi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa yana danne ta har ruwa da iska su kasa shiga, sawun tayarsa kan yi shekaru da dama bai warke ba. Yana kuma tattake 'yan tsiron da ke ƙasa, waɗanda, kamar yadda za a gani, su ne jarin dajin.

Mai buga littafi

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwai wani ƙwaro mai cin ɓawon fikte, tsawonsa kimanin milimita 5, kamar ƙwayar shinkafa. Jamusawa na kiransa mai buga littafi, don in ka ɓare ɓawon za ka ga hanyoyin da tsutsotsinsa suka ci sun jeru kamar layukan rubutu a shafi biyu na buɗaɗɗen littafi. Kullum yana cikin daji. Lafiyayyar bishiya tana kare kanta da ƙaro: ƙwaro ya huda, ƙaro ya kwararo ya shaƙe shi. Amma wadda ta faɗi, ko wadda ke tsaye da tsinkakkun saiwoyi, ba ta da ƙarfin yin ƙaro. Da zafi ya haura digiri 16 a watan Afrilu, namijin ya huda ɓawo, ya saki wani ƙamshi da ke kiran 'yan uwansa, mata su zuba ƙwai, tsutsotsi su cinye ɓargon da ke tsakanin ɓawo da itace, wanda ta nan abinci ke sauka daga ganye zuwa saiwa. Cikin mako shida zuwa goma sabon zuri'a ya tashi.

Shekarar farko sun ƙoshi da abin da ke kwance. Da wannan ya bushe, sai suka koma kan na tsaye, da yawan da ƙaro ba ya iya tarewa. Sannan bazarar 2003 ta zo da zafi da fari irin wanda Turai ta daɗe ba ta gani ba, bishiyoyi suka galabaita, ƙwaron ya yi zuri'a biyu har uku a shekara ɗaya. A Suwizalan, inda Lothar ta kayar da kusan kubik mita miliyan 13, ƙwaro ya ƙara kashe fikte na miliyoyin kubik mita a shekarun da suka biyo baya. Guguwa ta yi sa'o'i, wutsiyarta ta yi shekaru.

Hekta goma da aka ƙyale

A arewacin Baƙin Daji, kusa da tudun Schliffkopf, a gefen babbar hanyar da ke bin ƙololuwar tuddai tsakanin Baden-Baden da Freudenstadt, hukumomin daji da na kare muhalli suka yanke shawarar barin hekta 10 yadda Lothar ta bar su. Ba sara, ba kwasa, ba dashe. A 2003 aka buɗe wata 'yar hanya ta katako wadda tsawonta bai kai kilomita ɗaya ba, da matakala da gadoji, tana hawa kan gungume tana bi ta ƙarƙashinsu. Suna kiranta Lotharpfad, hanyar Lothar. Wurin yana da tsayin kimanin mita 1,000, sanyi da dusar ƙanƙara suna daɗewa, komai a hankali yake girma.

Abin da ya fi koyarwa a wurin shi ne gindin bishiyar da ta tuge. Faifan saiwar yana tsaye a gefensa kamar bangon ɗaki, ya fi mutum tsawo, da ƙasa da duwatsu maƙale a jikinsa. A bayansa akwai ramin da ya bari, ruwa na kwanciya a ciki. Shekara bayan shekara ruwan sama na wanke ƙasar tana zubowa, ta taru ta zama ɗan tudu. A taku biyu kacal an sami wuri mai laima da wuri busasshe, inuwa da rana, da sabuwar ƙasa da ba ciyawa a kanta. Irin da ba shi da nauyi, kamar na birke mai farin ɓawo, wanda iska ke ɗauka ta kai nesa, irin wannan tsirarar ƙasa yake nema. Tsuntsaye na sauka a kan saiwoyin da suka yi cirko-cirko, su yi kashi, a cikin kashin akwai ƙwayar wata bishiya mai jajayen 'ya'ya da Jamusawa ke kira 'ya'yan tsuntsu. Ita da birke su ne 'yan gaba. Suna girma da sauri, ba sa daɗewa, inuwarsu ba ta da duhu, a ƙarƙashinsu masu jinkiri ke samun mafaka daga sanyi da rana.

Gungumen da ke kwance ma suna aiki. Sarƙaƙiyarsu shinge ce: barewar daji ba ta son shiga inda za ta karya ƙafa, don haka tsiron da ya fito a tsakanin gungume yakan tsira daga bakinta. Suna tare iska, suna riƙe laima. Bayan shekaru masu yawa, in sun ruɓe har hannu na iya nutsawa a cikinsu, gansakuka ta rufe su, sai su zama gadon haihuwa: a wurare masu tsayi, 'ya'yan fikte sun fi kamawa a kan ruɓaɓɓen gungume, sama da ciyawa, inda dusar ƙanƙara ke saurin narkewa. Wani lokaci za ka ga 'yan bishiyoyi sun jeru sak kamar an ja igiya, alamar uwar da suka tsira a kanta ke nan. Ƙwari da naman kaza da maƙwaƙƙwafi, waɗanda gandun da ake sharewa kullum ba ya ba su wurin zama, sun cika wurin.

Yau wanda ya bi hanyar ba zai ga fili ba. Matashin daji ne, bishiyoyin sun ninka tsayin mutum sau da yawa, tsofaffin gungumen sun lotsa cikin ganye. Amma akwai abin da masu yabon wurin ba su cika faɗa ba: mafi yawan abin da ya tashi fikte ce. Ita ce ke kewaye, irinta ne ya zuba. Daji ba ya ƙirƙiro irin da babu shi a kusa. Ƙwayar buke tana da nauyi, ba ta nisa da uwarta sai in tsuntsu ko ɓera ya ɗauka. Abin da ya bambanta shi da gandun da ya faɗi shi ne tsari: nan cunkus, can sarari, wata doguwa wata gajera, ga birke da 'ya'yan tsuntsu da tanne a tsakani. Tun 1 ga Janairu 2014 wurin yana cikin gandun ƙasa na Baƙin Daji, wato yankin da gwamnati ta keɓe don kare daji, wanda aka kafa da faɗin kusan hekta 10,000. Mutanen garuruwan kewaye da dama sun ƙi wannan gandu tun farko, don tsoron ƙwaro zai tsallaka zuwa dazuzzukansu, kuma tsoronsu ba na banza ba ne. Shi ya sa aka kewaye shi da zirin mita 500 inda ake duba fikte a kai a kai, a sare duk wadda ƙwaro ya shiga.

Bishiya da daji

Farfaɗowar bishiya ɗaya daban, ta daji daban. Fikte in ta karye a gindi ta tafi ke nan, kututturenta ba ya toho, ba kamar sabara ko kalgo ba da ake sarewa a gona su dawo kafin shekara ta zagayo. In kanta kawai ya karye, wani reshe na gefe yakan miƙe ya zama sabon kai, ya bar gwiwa a jikin gangar har abada, ruɓa kuma takan shiga ta wurin karayar. Wadda ta karkata tana yin wani itace mai tauri a gefen ƙasa don ta tura kanta sama, amma masu katako ba sa son sa, yana murɗewa in ya bushe. Masu faɗin ganye sun fi dabara: akwai idanun toho da ke barci a ƙarƙashin ɓawo, haske na taɓa su sai su farka. Rauni kuwa bishiya ba ta warkar da shi yadda fatar mutum ke yi. Killace shi take yi daga ciki, ta toshe hanyoyin da ruɓa za ta bi, sannan ta naɗe shi da sabon itace daga gefe, kaɗan-kaɗan kowace shekara. Wasu da suka tsira ranar guguwa daga baya suka mutu: buke da ta saba da inuwa, in aka bar ta tsirara, rana kan ƙone ɓawonta ya tsage.

Shi kuwa daji da na ƙasa yake tashi. Tanne na iya zama a cikin duhun inuwa shekaru da dama, tsayinta bai wuce na yaro ba, tana ƙara ɗan yatsa a shekara, tana jira. Ranar da manya suka faɗi haske ya sauko, sai ta miƙe, da saiwarta a kafe tun tuni. A tsakiyar Baƙin Daji akwai manoman da tun kakanni ba sa share gandu gaba ɗaya; ɗaya-ɗaya suke tsince manyan bishiyoyi, don haka jika da uba da kaka suna tsaye wuri ɗaya. A irin wannan daji ko iska ta kwashe manya, ba a komawa fako. A gandun fikte mai duhu kuwa, inda ba komai a ƙasa sai busassun allurai, da rufin ya yaye sai ciyawa da ƙaya su riga kowa, su shaƙe wurin shekaru.

Cibiyar binciken daji da dusar ƙanƙara ta Suwizalan ta bi wurare kimanin 90 da Vivian da Lothar suka kwantar, wasu an kwashe, wasu an ƙyale. Sakamakon bai yi wa kowane ɓangare na masu gardamar a kwashe itacen ko a bar shi daɗi sosai ba. Kwasa ko bari ba shi ne babban abin da ya yanke yawan sabbin bishiyoyi ba. Tsayin wurin, da irin ƙasarsa, da ciyayin da suka rufe shi sun fi tasiri. A ƙasa-ƙasa, mafi yawan wuraren sun cika da kansu cikin shekara goma, galibi da masu faɗin ganye. A kan duwatsu abin ya yi jinkiri ƙwarai, kuma inda daji ke tare wa ƙauye zaftarewar dusar ƙanƙara, ba a iya jira, dashe ya zama dole.

Ni a ganina, gardamar a kwashe ko a bari ta cinye hankalin mutane fiye da kima, alhali babban aikin na kafin guguwa ne. Ma'aikatan daji a Baden-Württemberg sun gane haka: suna dasa buke da tanne a ƙarƙashin tsofaffin fikte tun suna tsaye, don in rufi ya tafi a tarar da na ƙasa. Abokin gabar wannan aiki ba iska ba ce, barewa ce. Tana son kan 'yar tanne fiye da komai, tana ƙyale fikte mai ƙaiƙayi a baki. Inda barewa ta yi yawa, duk abin da aka dasa don gauraya daji sai ta tsince shi, a koma gidan jiya. Shi ya sa maganar farfaɗo da daji a can ba ta rabuwa da maganar farauta da shinge, kuma a kan wannan ne masu daji da mafarauta suka fi samun saɓani.

Daga 2018 zuwa 2020 fari ya sake afka wa Jamus shekara uku a jere, mai buga littafi ya kashe fikte a faɗin ƙasar fiye da abin da Lothar ta kayar nesa ba kusa ba. Filayen da Lothar ta share a 1999 a lokacin suna ɗauke da bishiyoyi 'yan shekara 20, waɗanda ɓawonsu bai yi kaurin da wannan ƙwaro ke so ba, kuma tsayinsu bai kai inda iska ke kayarwa ba. Fikte kan yi shekara 80 zuwa 120 kafin a sare ta, haɗarin guguwa kuma yana ƙaruwa ne bayan ta haura mita 20. Dajin da ya tashi a bayan Lothar zai fara shiga wannan tsayi ne a shekarun da ke tafe, a hannun ma'aikatan da yawancinsu ba a haife su ba ranar da ta zo.